Barcin Sarautar Thornskell

Mutanen Thornskell ba sa cewa sarautar garinsu ta mutu. In baƙo ya yi suɓul da baka ya faɗi haka a kasuwar ulu, sai wani ya gyara masa a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri: barci take yi. Ta fi shekara ɗari uku tana wannan barcin, tun ranar da aka kawo gawar Baron Ranulf, mai riƙe da sarautar, daga yaƙin da aka gwabza kan gadon sarautar Ingila, aka duba bai bar ɗa namiji ba sai 'ya'ya mata uku.

Ninian Coates ba shi da jini a cikin wannan magana. Maginin katanga ne, irin katangar dutsen nan da ake jerawa ba laka, wadda ke raba makiyayar wannan da ta wancan har saman tsauni. Aure ne ya jefa shi ciki. Ranar da ya auri Margery, wadda ta fito daga zuriyar Baron, abokansa sun yi ta tsokanarsa, wai ya auro ƙafar Baron guda, ya riƙa lura kada ya taka ta. A lokacin har da shi aka yi dariya. Margery ta rasu 'yarsu Damaris tana rarrafe, rabonta na sarautar ya faɗo kan yarinyar, tun daga nan abin bai ƙara ba Ninian dariya ba.

A cikin coci, ta wajen hagu, an sassaƙa Baron Ranulf da dutse yana kwance cikin sulke, ƙafafunsa bisa bayan kare. Garkuwarsa da kwalkwalinsa suna sama da kansa, an zana farin rago a kan koren fili a jikin garkuwar. A jikin kabarin kuma ga 'ya'yansa uku a durƙushe, tsayinsu ɗaya, kowace tana riƙe da tambarin ragon nan cikin 'yar garkuwa mai tsini sama da ƙasa irin ta mata. Kowace shekara ranar idin Ista, duk mai rabo a sarautar yakan kunna kyandir ya dasa a gefen dutsen. Tsofaffi sun ce a zamanin kakanninsu kyandirori kan zagaye kabarin har zafi ya hana mutum matsawa kusa, kuma ga baƙin hayaƙi nan ya bi dutsen ko'ina. Shekarar da Ninian ya yi aure bakwai ya tarar. A wannan shekarar biyu aka kunna: na Damaris mai shekara goma sha biyar, da na tsohuwa Keziah Harker.

Da aka watse daga sujada Ninian ya tsaya yana murza hularsa a hannu, har Malam Fothergill limamin cocin ya lura da shi. Malam Fothergill mutum ne mai jin daɗi a tambaye shi. Ya ja Ninian zuwa gaban kabarin ya ce sunan abin a bakin alƙalai abeyans, kalma ce da Normawa, mutanen da suka taɓa cin Ingila da yaƙi, suka ƙetaro teku da ita, asalinta mutum ya tsaya baki buɗe yana jiran abin da zai zo. Ya ce da maza Baron ya bari da ba wata magana, babba ya ɗauka, a ɗiga wa ƙannen alama a garkuwa, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, don a san wa ke gaba da wa. Amma mata a shari'ar ƙasar ba babba ba ƙarama, su ukun magaji ɗaya ne. Ya sa Ninian ya sunkuya ya duba garkuwoyin uku da kyau. Ko ɗigo babu da ya bambanta su.

Gonaki, in ji shi, tun a lokacin aka raba su uku, don ƙasa tana yankuwa, kuma tuni aka sayar aka cinye. Amma kujerar da sarki ke kiran mutum da sunansa ya zo ya zauna a majalisa, ita ba ta yankuwa. Ba a ba ɗaya a hana biyu, ba kuma a binne ta tunda jinin yana raye. Sai shari'a ta ɗage ta sama. Tsofaffin alƙalai sukan ce tana cikin gajimare. Sarki yana da ikon sauko da ita kan wanda ya ga dama cikin magada in an kai masa kuka, to amma wa zai kai kuka Landan cikin masu saƙar safa da masu kiwon tumaki? In ba haka ba sai ta yi ta jira har zuriyar ta tsane saura mutum ɗaya. A ranar nan, ba tare da izinin kowa ba, sai ta sauka a kansa.

"Ko da mace ce, Malam?"

"Ko da jaririya ce a cikin tsumma."

"In kuma su biyun duka suka tafi fa?"

"To a nan ne za a ce ta mutu," in ji Malam Fothergill. Ya ƙara da cewa irin wannan abu yana da taurin rai, don a kudu an yi wadda barcinta ya kai na tasu, kuma ba da daɗewa ba ta farka.

Ninian ya fito ya ɗaga kai. Gajimare na zaune a kan tsauni kamar kullum. Ya girma a ƙarƙashinsu bai taɓa yi musu kallon komai ba sai ruwa. Ran nan har ya isa gida kansa a sunkuye yake.

Akwai wata al'ada da ta bi wannan zuriyar. Masu rabo ba sa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, ba sa cin abin tukunyar juna. An ce wani zamani can wani mai rabo ya ci abinci gidan ɗan'uwansa ya dawo ya mutu, aka yi ta nuna gidan da baki har jikoki suka bar garin. Daga nan aka ɗauke wa kowa zargi. A gaisa, a zauna, a yi hira, amma kafin rana ta faɗi kowa ya nufi gidansa ya ci nasa. Ko ruwa Damaris ba ta taɓa sha a gidan Keziah ba, alhali kusan kullum tana can.

Gidan Keziah shi ne na ƙarshe a gefen tsauni, bayansa sai ciyawa da iska. Ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta taɓa haihuwa ba. Safa take saƙawa tana shan lofe, kuma bakinta bai bar kowa ba. Duk Asabar Ninian yakan ɗauki damin itace ya hau ya kai mata, alkawari ne da ya yi wa Margery, itace kuwa ba abinci ba ne, al'ada ba ta hana ba.

"Ga mai duwatsu ya zo duba ko na mutu," haka take tarbarsa.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Na kwana, don ka ji haushi. Aje can, ba nan ba. Shekara nawa kana kawowa, har yau ba ka san inda ake aje itace ba."

Damaris kuwa "rabina" take kiranta, yarinyar ma haka take mayar mata. Keziah takan ce su biyun in aka haɗa su Baron guda ne cur mai ƙafa huɗu, haƙoran duk suna wajen Damaris, hankalin yana wajenta. Su yi ta dariya, allurar saƙa na ƙara a hannunsu. Ninian yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu, tsohuwa da yarinya a kan benci ɗaya. Duk taron nan da ya taɓa zagaye kabari da wuta, abin da ya rage ke nan.

Da sanyi ya shigo a shekarar, zazzaɓi ya shigo tare da shi. Ya fara da gidan mai niƙa, ya bi kwarin gida gida. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar da likita zai biyo. Damaris ta dawo daga ɗiban ruwa wata safiya ta ce kanta ya yi nauyi, kafin azahar ba ta gane mutane. Ninian ya jawo gadonta kusa da murhu. Maƙwabciyarsu Tibby Alderson, mace mai ƙiba da saurin hannu, ta zo ta aske wa yarinyar gashi don zafi ya fita, ta riƙa ɗiga mata romo a baki. Numfashinta ya koma kamar zarto a ɗanyen itace.

Ninian bai zauna ya ƙulla wani abu ba. Tunanin shigarsa ya yi kamar yadda danshi ke shiga katanga, ba a ganin lokacin da ya shiga sai dutse ya fara zamewa. Abin nan da ke sama ya jira shekara ɗari uku. Ya ga mutane birjik, ya bar su sun zube ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu. Ba zai yarda su tafi duka ba, don shi ma tafiyarsa ke nan. Mutum ɗaya yake jira. In tsohuwar ta riga, to yarinyar ta zama igiyarsa ta ƙarshe, zai riƙe ta da ƙarfin da ya fi na likita, ya fi na zazzaɓi. In kuwa yarinyar ce ta riga, shi ke nan, Keziah ta yi sarauta ta 'yan watanni a bakin murhunta, shi kuma ya rasa duk abin da yake da shi a duniya.

Asabar ta zo. Itacen yana ɗaure a bakin ƙofa tun jiya. Tibby ta ce ya je ya dawo, tana nan zaune, ai yarinyar ba ta ma san wanda ke ɗakin ba. Ninian ya leƙa waje ya ce ƙanƙarar ta yi yawa, sai gobe. Ba ƙarya ya yi ba, ta yi yawa. Amma ya taɓa hawa cikin wadda ta fi ta don ceton tunkiya guda.

Daga ƙofarsa ana hango bututun hayaƙin Keziah, ɗan baƙin tsini a cikin fari. Kowace safiya yakan fito kamar mai duba yanayi, ya tsaya. Hayaƙi na tashi. Washegari yana tashi, amma siriri. Tibby ta sake yi masa magana, ya ce Damaris ta kwana tana fizge-fizge, ba zai iya barinta ba. Ba wanda zai ga laifin uba a kan haka, kuma ya san ba wanda zai gani.

Sai wata safiya ya fito bai ga hayaƙi ba.

Ya daɗe yana kallo ko idonsa ne. Sama ta yi tsit, bututun yana tsaye shi kaɗai. Sai ya juya da sauri ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban gadon yana duban fuskar 'yarsa. Shi kansa bai san abin da yake nema ba, ko haske, ko jini ya dawo kumatu, ko wata alama cewa abin ya sauka ya kama ta. Babu komai. Leɓunanta a tsage, idanun sun faɗa. Tana nan yadda ta kwana.

Ta buɗe ido, karo na farko da ta dube shi da sani tun da ta kwanta.

"Baba, ka kai wa rabina itace?"

Ninian ya ga kansa a durƙushe, yana leƙen fuskar 'yarsa don ya ga ribar mutuwar tsohuwar da ta fi kowa sonta.

"Yanzu zan kai," ya ce.

Hanyar ta ɓace gaba ɗaya. Katangar da ya gina da hannunsa ita ya bi, kawunan duwatsun sun ɗan leƙo daga cikin dusar ƙanƙara, yana dafa su yana nutsewa har cinya, dami a bayansa. Da ya isa sai da ya tone ƙofar da hannu. Ɗakin ya fi waje sanyi. Benci babu, tebur babu, ta ƙone su. Ta fara ɓalle katakon gadonta ƙarfi ya ƙare. Tana ƙudundune cikin duk wani tsumma da ta mallaka, har da safunan da ta saƙa na sayarwa, leɓunanta sun yi shuɗi. Idanun ne kawai ke motsi.

"Ka makara," ta ce, murya kamar ta fito daga rijiya. "Ko kuwa sammako ka yi? Ban san wanne zan ce ba."

Ninian ya durƙusa a murhu yana haɗa wuta. Yana hurawa yana ba ta labarin ciwon Damaris, da yadda hanya ta toshe, da yadda ba ya iya matsawa daga bakin gado. Ta bar shi har ya kai ƙarshe.

"Kullum ina hango hayaƙinka daga nan, Ninian. Na san kai ma kana hango nawa."

Wutar ta kama. Bai juyo ba.

"Yaya rabina?"

"Jiki ya yi tsanani, Gwaggo." Sannan abin ya fito da kansa. "Na ɗauka in ke kika riga, zai riƙe ta. Na ɗauka ba zai bari ta tafi ba in ita kaɗai ta rage masa."

Ya jira zagi, ya san ta iya shi. Sai ya ji wani sauti kamar tari, ashe dariya take yi.

"Abin da ya jira shekara ɗari uku, ya ga sarakuna sun hau sun sauka, kai ne za ka taya shi da damin itace? Ba ya bukatarka, ɗan nan. Ko sunanka bai sani ba."

Maganar ta dake shi fiye da zagi. Ya ji kansa ƙarami, kamar ranar da ya fara hawa ƙololuwar tsauni yana yaro ya ga ashe bayan kwarinsu akwai wani kwari, bayansa akwai wani, har inda ido ya gaza. Kwanakin nan duka yana jin kamar shi ne ke riƙe da ma'auni, tsohuwa a gefe, yarinya a gefe. Ashe ba a ba shi riƙon komai ba. Abin da aka ba shi kawai dami ne ya kai duk Asabar, shi ma bai kai ba.

Ya duba itacen ya ga ba zai daɗe ba, kuma ko ya daɗe ba ta da ƙarfin tashi ta iza wuta. Ya ce zai sauka da ita gidansa. Ta dube shi kamar ya zautu. Ta tuna masa cewa in ya bar ta nan ta mutu, kowa zai ce sanyi ne, har a yaba masa da ya taso cikin wannan hali. In kuwa ta mutu a gidansa, da romonsa a cikinta, har jikokin Damaris sai an nuna su da baki, a ce ga waɗanda kakansu ya farkar da sarauta da cokali.

"Na sani," in ji Ninian.

"To?"

Ya juya mata baya ya tsuguna. "Hau, Gwaggo."

Ya ɗaure ta a bayansa da bargo kamar yadda yake ɗauko tunkiyar da ta karye. Ba ta kai nauyin tunkiya ba. Suna fitowa gajimare ya sauko ya rufe gefen tsaunin, fari sama, fari ƙasa, ba ya ganin komai sai dutsen da ke gaban hannunsa. A cikin gajimaren suke tafiya. Yana taɓa masa fuska, yana shiga hancinsa, ba ƙara ba motsi, shi kuma yana ratsa shi da rabin abin da yake jira a goye. Ya riƙa taka ƙasa a hankali kamar mai wucewa ta gaban babban mutum yana barci.

Keziah ta kwantar da haɓarta a kafaɗarsa ta fara kiran sunaye. Ba ta ganin hanya, amma ta san inda suke da lanƙwasar katanga. Nan ƙasa gidan Simon ne mai rabo, kogi ya tafi da shi a mashigi da dokinsa. Can gaba 'yan'uwa mata biyu ne, Alse da Joan, ba wadda ta yi aure, wata ɗaya suka bi juna. Ga kangon Lancelot da ya ƙetare teku, bayan shekaru wani matuƙin jirgi ya kawo labarin kabarinsa. Ta wuce waɗanda ta sani ta shiga waɗanda kakarta ta faɗa mata, wane ya haifi wance, wance ta haifi wane, tana komawa baya baya, muryarta na dusashewa tana dawowa, har ta dangana da 'yan mata ukun nan. Ninian bai taɓa jin an jera su haka ba. Kowane suna ta kira sai ya ji kamar an ƙara masa wani a baya, duk da haka ƙafarsa ba ta zame ba.

Da suka fito daga gajimaren garin na gabansu. Mutane suka fito bakin ƙofofinsu. Ba wanda ya yi magana sai wani tsoho da ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfin da Ninian zai ji, tun da aka haife shi bai ga an yi haka ba. Tibby ta tare shi a ƙofa, hannu a ƙugu, ta tambaye shi ko ya san abin da yake yi. Ya ce ta matsa, tsohuwar na daskarewa.

Gado ɗaya ne kusa da murhu, don haka nan ya kwantar da ita gefen Damaris. Ya ɗebo romo daga tukunyarsa ya kawo. Keziah ta dubi cokalin, ta dubi Tibby, ta buɗe baki ta karɓa, abin da ba ta taɓa yi a gidan mai rabo ba a shekara saba'in da wani abu.

"Ki zama shaida, Tibby," ta ce bayan ta haɗiye. "Ba guba a ciki. Gishiri ma babu."

Damaris cikin zafin ciwo ta juyo ta rungume ta, ta cusa askakken kanta a wuyan tsohuwar. Ɗaya jiki kamar garwashi, ɗaya kamar ƙanƙara. Haka suka yi kwanaki. Mutane suka riƙa neman dalilin wucewa ta ƙofar, wannan ya kawo madara, wancan ya zo aron gatari, kowa ya saci kallon gadon ya fita da sanɗa. Malam Fothergill da ya zo addu'a ya daɗe tsaye kafin ya fara. Ya ce a hankali, duk abin da Baron Ranulf ya bari ga shi nan cikin bargo ɗaya.

Zazzaɓin Damaris ya karye wata safiya, ta yi gumi sharkaf ta ce tana jin yunwa. Tarin Keziah kuwa ya gangara ƙirji ya zauna. Da ta ga inda aka dosa ta sa aka kira limamin, ta ce a bar ƙofa a buɗe don masu kunne a waje kada su wahala. Ta ce kowa ya ji, wannan wawan maginin ya goyo ta daga saman tsauni cikin ƙanƙara har cinya, ya ba ta gadon 'yarsa, ya ciyar da ita abinci marar daɗi da zuciya ɗaya. Duk wanda ya faɗi wani abu daban bayan ranta, za ta dawo ta zauna masa a ƙirji. Aka yi 'yar dariya a waje. Ninian yana tsaye jikin bango yana jiran ta faɗi sauran, maganar hayaƙi. Ta juyo ta dube shi sosai, sannan ta ce ya miƙo mata lofenta, ko ba wuta ta riƙe.

Da rana tsaka ta cika, washegari, hasken dusar ƙanƙara na shigowa ta taga. Damaris na zaune gefenta da ƙwaryar kunu a cinya. Numfashi ya fita, suka jira na bayansa, bai zo ba. Ninian bai sani ba, kuma ya san ba zai taɓa sani ba, ko sanyin safiyoyin nan da ya tsaya yana kallo ne ya tafi da ita, ko kuwa lokacinta ne.

Ɗakin ya yi tsit har ana jin itace na tsagewa a murhu. Ba iska, ba haske, ba abin da ya motsa. Amma kowa a ɗakin ya san abin da ya faru a tsakanin numfashin nan da wanda bai zo ba. Malam Fothergill ya rufe wa Keziah ido. Sannan ya juya wajen yarinyar, ramammiya, kai a aske, kunu a gefen baki, ya sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe," ya ce.

Tibby ta ja da baya har ta bugi tukunya. Waɗanda ke bakin ƙofa suka fara cire huluna ɗaya bayan ɗaya. Ninian ya kasa motsi. Ga 'yarsa da rai, abin da ya roƙa ke nan, ga shi kuma yana tsoron ya taɓa ta, kamar an ja wani layi tsakanin bango da gadon da irinsa ba ya ƙetarewa.

Damaris ta dubi limamin, ta dubi mutanen, ta dubi tsohuwar da ke kwance. Ta nemi ubanta da ido har ta same shi a jikin bango.

"Baba, ita ce ke ɗumama mini ƙafa," ta ce, hawaye na zuba. "Yanzu sun yi sanyi."

Ninian ya taho ya durƙusa a gaban gadon, ya kama ƙafafun nan biyu cikin tafukansa masu kanta yana murzawa, yana hura musu iska, kansa a ƙasa don kada ta ga fuskarsa. Mutanen da ke waje suka ga maginin katanga ya faɗi gaban sarautar da ta farka, wasu ma suka durƙusa cikin dusar ƙanƙara. Bai ɗago ya gyara musu ba. Ya ci gaba da murzawa har ya ji ɗumi ya fara dawowa yatsunta.